Yayana ya yi wa gizo-gizona kiwon turke

Salama alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda ya san dariya zai yi ya wuce kawai, raina a ɓace yake.

Ni malamin bayoloji ne, a Fadaman Mada nake zaune a gidanmu na gado. Ina kiwon gizo-gizo, irin babban nan mai gashi da ake kira tarantula, mace ce, Ladi nake ce mata. Tun ina jami'a take wurina a akwatin gilashi, duk saɓar da ta yi a gabana ta yi ta. Lafiyar wannan halitta a cikinta ake gani, wato ƙullutun nan na baya. In ya yi daidai da gaban jikinta, ko ya ɗan fi shi kaɗan, to lafiya lau. In ya yamutse akwai yunwa ko ƙishirwa. In kuwa ya kumbura har tana jan sa a ƙasa, to hatsari ne, fatarsa ba ƙwari, ƙaramar faɗuwa ma sai ya fashe.

Aka tura ni kwas Jos, na bar ta hannun Yayana, wanda sana'arsa kiwon ragunan turke ce a bayan gida. Na ce masa gyare ɗaya a sati ya ishe ta, ruwa kawai kada ya yanke. Ya ce in tafi abina, shi da ya ƙware a rago gizo-gizo zai gagare shi?

Ashe ina juya baya ya leƙa ya ce wai ƙugunta ya tsuke, na bar baiwar Allah da yunwa saboda rowa. Kullum sai ya jefa mata fara da kyankyasai, har gyare yake sa a kamo masa daga gonarsa ta Zungur. Na dawo na tarar da cikinta kamar ƙwallon goruba, yana sheƙi, ga Yaya yana washe baki wai in zo in ga aiki, yanzu ne ta yi kyan gani. Gyaran gangar Auzinawa! Ban gama mamaki ba sai ta hau jikin gilashin, nauyi ya rinjaye ta, ta faɗo. Cikin ya tsage, ruwa yana tsatsowa. Na barbaɗa mata garin sitaci ya tsaya, amma har yanzu tana takure a lungu, ko za ta rayu Allah masani.

Ban ɓoye muku ba, na ɗaga masa murya. Yanzu Innarmu ta ce ba ta ƙara amsa gaisuwata sai na durƙusa na ba shi haƙuri, wai na ci mutuncin wana a kan ƙwaro. Da ragonsa na ɗura wa dusa har cikinsa ya fashe, wa zai ce dabba ce kawai?

Na ma fara sassautowa saboda Inna. Sai ga shi yau da safe a ƙofar ɗakina da leda cike da fara, wai ya zo dubiya, mara lafiya sai da abinci.

Jama'a, in durƙusa wa mutumin da har yanzu bai san me ya yi ba, ko in ci gaba da gaida uwata tana kau da kai?