Linzamin da Yaya Ya Saya wa Ƙanin Matarsa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan in na faɗa wa abokaina dariya za su yi min, ni kuwa cina yake yi a rai.

Ni mai haɗa kiɗa ne a kwamfuta. Ɗakin ɗaukar sautin na yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun yana ɗan shago mai ƙofar langa-langa ni ne a gaban na'ura. Da hannuna na manna soso a bango don kada ƙarar titi ta shiga waƙa. Yaya shi ke nemo mawaƙa, ni ke zama. Aikin namu kuwa duk a hannun dama yake: ka ja murya nan, ka yanke numfashi can, ka matsar da bugun ganga ɗan ƙiris, ka sake dawo da shi. Wuni guda hannunka na kife a kan linzamin kwamfuta, wanda muke ce wa maus. Nawa irin ƙaramin nan ne da ake bayarwa gyara in an sayi kwamfuta, har fentin wurin yatsa ya goge.

Tun bara wuyan hannuna ya fara zogi. Yanzu yatsu biyu kan mutu kamar ba nawa ba, ranar nan ma kofi ya suɓuce min a gaban matata. Ban gaya wa Yaya ba. Wa zai ce wa mai gida hannun da ake ci da shi ya fara gajiya?

Ana haka sai ƙanin matarsa, wanda muke kira Dogo, ya gama karatun harkar sauti, aka ajiye masa tebur kusa da nawa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aiki, kuma yana girmama ni. Amma ko kujerar bai gama ɗumamawa ba ya yarfe hannu sau ɗaya, ya ce linzamin ya yi masa kaɗan. Anti, Yaya da kansa ya sa shi a mota suka tafi kantin kayan kwamfuta. Suka dawo da wani mai ƙatuwar ƙwallo a sama, ba a jan sa a tebur, ƙwallon ake murzawa da yatsu. Har da ɗan matashin ɗora hannu. Duk mawaƙin da ya shigo sai Yaya ya nuna masa, yana cewa, "Hannun mai aiki ai jari ne, dole a lallaɓa shi." A gabana fa, ina zaune da bandeji a ƙarƙashin hannun riga.

Tun ranar ba na iya jin waƙar da Dogo ya haɗa ban nemo mata aibu ba. In mawaƙi ya fara gaishe shi kafin ni, sai in ɗaure fuska. Rannan ya fita cin abinci, na koma kujerarsa na gwada ƙwallon. Kibiyar da ke yawo a allon kwamfutar ta riƙa tsere min, ko kalma ɗaya na kasa yankewa daidai, abin ya ƙara ƙona min rai. Ya dawo ya same ni, ya ce in ina so mu yi musaya. Na ce masa ni ba na aiki da kayan wasan yara. Na ga yadda fuskarsa ta canza.

Matata ta ce in sayo wanda ya fi nasa tsada in dangwarar a tebur, Yaya ya gani ya ji kunya. Akwai kuma wani ɗakin sauti da ke nemana. Wane iri zan saya, Anti? Ko kuwa in tattara in bar musu wurin?

Ƙanin Mai Gida

*

Ƙanina,

Ba zan yi maka dariya ba. Amma mu fara da hannun: yatsun da ke mutuwa da kofin da ke suɓucewa sun wuce a jira. Ka ga likita cikin makon nan, kafin ka ga mai kanti.

Kishinka yana da tushe. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Yayanka ya saba ganin ka a kujerar nan har ya daina kallon ka, kuma wannan da ciwo. Sai dai ka duba ɗaya ɓangaren: Dogo ya buɗe baki ya faɗi damuwarsa, kai ka ja hannun riga ka rufe taka. Yayanka bai san gaibu ba. Mutumin da ya tuƙa mota don hannun ƙanin matarsa, ban jin zai yi ko oho da na ƙaninsa in ya ga bandejin.

Batun linzami, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kada ka saya don huce haushi, ka gaishe min da uwargida amma a nan ba na bayanta. Akwai mai tsayuwa, wanda ake riƙewa kamar za a yi musabaha, yana rage murɗewar wuyan hannu. Akwai mai ƙwallo irin na Dogo, yana hutar da dantse, amma yana son sabo. Zama ɗaya, kuma da zuciya a cunkushe, ba gwaji ba ne. Akwai faifan da ake shafawa da yatsu, mai daɗin zuƙo sauti da leƙa tsawon waƙa, sai dai wasu yakan gajiyar da su wurin ja da ajiyewa. Ka je kanti da kanka, ka ɗora tafinka. Wanda ya cika maka hannu, dannawarsa ba tauri, yake da abin murzawa gefe da ƙarin maɓallan da za ka ɗora wa yanka da gogewa, shi ne naka. Ka tambaya ko suna karɓar canji in bai karɓe ka ba.

Ka kuma daidaita kujera yadda gwiwar hannunka za ta yi daidai da tebur, ka raba wa hagu aiki ta maɓallan kibod, ka riƙa miƙewa tsakanin waƙa da waƙa.

Dogo yana bin ka bashin ban-haƙuri. Alheri ya miƙo maka ka buge masa hannu. Ka roƙe shi aron nasa na ƴan kwanaki, ya nuna maka yadda ake rage gudun kibiyar. Babba ba ya raguwa don ya tambayi na baya.

Barin wurin kuwa, ajiye shi tukuna. Ciwon zai bi ka duk inda ka je, zumunci kuma ya fi aiki wuyar gyara. Ka samu yayanka ku biyu kawai, ka naɗe hannun riga, ka gaya masa tun yaushe, ka kuma gaya masa maganarsa ta jari ta sosa maka rai. In ya ji duk wannan ya kau da kai, to sai ka yi tunanin tafiya da hujja a hannunka.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya bar ku tare da yayanka cikin alheri.