Sunayen da Na'ura Ta Tsallake

Malama, ki taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a wuya. Ban yi boko ba, 'yata Hassana ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Ni marini ne, shekarata saba'in da takwas. Rijiyoyin rini goma sha ɗaya muka gada, kowacce da halinta da sunan wanda ya haƙa ta. Akwai wadda ba ta nuna sai ta kwana tara, tun zamanin kakana haka take. Duk ranar zuba baban rini nakan jero sunayen mahaƙan da ka, a yi musu addu'a.

Shekara huɗu ke nan ɗan ƙanena Kabiru ya haɗa mana manhaja mai turo saƙo a waya in rijiya ta isa motsawa. Da ƙyar na yarda. Wata guda ina faɗar tarihin rijiyoyin da sunayen mahaƙansu yana bugawa cikin fayil ɗin saitin, kowane layi da alama a gabansa mai kama da tsani. Ya ce na'ura tsallake irin layukan take yi, don mutane aka yi su. Sai na saki jiki na daina jerowa, a karanto kawai mu shafa. Kabiru ya rasu bara.

Watan jiya Ɗahiru, mijin Hassana, ya sabunta manhajar ya adana. Lambobi suna nan, kwanaki suna nan, layukan tsani ko ɗaya babu. Na zauna in jero, bakwai suka zo, huɗu sun ƙi. Tun ranar ban amsa gaisuwarsa ba. Wai bai goge komai ba. To wa ya goge, aljani?

Tsohon marini, Zaitawa

Baba, Allah ya jiƙan Kabiru. Rashin nan babba ne, ba zan rage maka shi ba.

Amma Ɗahiru gaskiya ya faɗa. Wasu manhajojin in za su adana saiti, abin da suka karanta kaɗai suke sake rubutawa, layin da suka tsallake sai ya salwanta. Laifinsa bai ajiye kwafi ba kafin ya taɓa. Naka kuwa, ka sauke abin da ke kanka a wurin da ba ma'ajiya ba.

A duba kwamfutar marigayin da imel ɗinsa, wataƙila tsohon fayil na nan. Ban yi maka alkawari ba. Wanda zai iya binciken nan kuwa surukin da kake gaba da shi ne, don haka ka kira shi yau.

Kafin nan, Hassana ta ɗauki muryarka kana jero bakwai ɗin, ta kuma rubuta a takarda. Ka zaga wajen tsofaffin marina, ko wani ya riƙe ɗaya. In huɗun ba su dawo ba, ka yi musu addu'a haka nan, wanda kake roƙo ya san sunayensu.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Baba.