Wayata Ta Ƙi Buɗe Muryar Inna

Yaya Bara'atu,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga Jidda. Ya ƙafar Inna? Ya maigidanki da yara, da mutanen Runjin Sambo duka?

Na san Inna na cewa shirun nan wani sabon iya shegena ne. Wallahi wanga karon ba wasa ba ne. Mai shagonmu na gyaran waya ya kawo sabon tsarin waya na gwaji, wanda masu shi ba su gama haɗawa ba. Ni da rawar kai na sa shi ga tawa. Komi na aiki, ban da manhajar saƙon murya: ina taɓa ta sai ta rufe. Wai ba su jitu ba tukuna. In kuwa na koma tsohon tsari, saƙonnin Inna na shekara biyu za su goge. Na ce zan jira.

Na kira ku da wayar abokina sau huɗu. Na sani, tun randa na yi ma Inna muryar ɗan sanda kunka daina ɗaukar baƙuwar lamba. Alhakinta ne ya kama ni, shi ya sa na koma rubuta wasiƙa da ajamina.

Lafiyata lau. Ɗan zazzaɓi ne na kwana uku, ya wuce. Buɗe shago ba tare da jin addu'ar Inna ta saƙon murya ba ne ban saba ba.

Ki ce mata kar ta daina turowa kowace safiya. Ina ganin adadinsu na ƙaruwa, yau sha tara. Randa manhajar ta buɗe, kowace sai na amsa mata amin ɗinta.

Ƙanenki mara jin magana,
Arzika