Saƙonninmu Suna Dawowa, Na Bari An Ɗora Wa Sakatare

Hajiya A'isha, don Allah ki taimake ni kafin Asabar, don ranar za a kori mutum daga ƙungiyarmu a kan abin da ni na aikata. Sunayen nan duk na canza su.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Rano, na ɗan taɓa sakandare. Muna da ƙungiyar manoman waken suya, yawancinsu mutanen Kahu da Nariya. Yayana Muhammad Sani ne shugaba, ni mataimaki. Shi ya yi mana rajistar adireshin imel mai sunan ƙungiya, shi ya samo kamfanin Legas da ke sayen wakenmu. Kamfanin nan ba ya turo mota sai ya ga takardar kaya ta fito daga adireshinmu.

Da Yaya ya kwanta ciwon da bai tashi ba, sai na lura duk maganar kamfani ta hannun sakatarenmu Abdulganiyyu take bi, kuma ya fi ni boko. Na ga in na yi sake shi za a naɗa shugaba. Sai na ɗauko wani mai gyaran kwamfuta daga Kano, na ce cuta zai wanke wa na'urar ofis. Abin da ya yi shi ne ya karkatar da saƙonninmu su riƙa fita ta wata sabar daban, wato babbar kwamfutar da ke tura saƙonni, inda zan riƙa karanta komai. Adireshi bai canza ko harafi ɗaya ba. Ni a tunanina kamar canjin rumfa ne, mai saye fuskarka yake bi.

Tun daga ranar, duk abin da Abdulganiyyu ya aika wa kamfani sai ya dawo, da lamba 550 da wasu haruffa, SPF da DKIM da DMARC. Ya buga takardun ya kawo taro, amma Turancin masana kwamfuta ne, kuma shi kansa bai iya fassara su ba. Wata biyu ke nan wake yana jibge a sito. Mutane suka fara cewa dillalai ne suka saye shi, don a gaji a karyar musu da kaya a kasuwar Rano. Da aka faɗi haka ina wurin, har kai na gyaɗa. Yanzu a Nariya ba a amsa gaisuwarsa, an kuma daina gabatar da shi ya ja salla a masallacin unguwarsu.

Mai gyara ya ce sai an shiga wurin da aka yi rajistar adireshin, kuma wayar marigayi za a turo wa lambar shiga. Wayar tana hannun matarsa Tani, tana takaba a Kahu, saura mata wata biyu. Ba na jin zan iya tsayawa a ƙofar ɗakinta in ce waya na zo nema, kuma za ta tambayi dalili, ba ta da wauta. Ki nuna mini yadda zan gyara abin nan a ɓoye. In saƙo ya tafi, na san surutu zai mutu da kansa.

Mai auna hatsi, Rano

AMSA

Mai auna hatsi, Allah ya jiƙan yayanka. Bari mu fara da na'ura, ita ce mai sauƙin.

Takardun da suka dawo sun faɗi ciwon, mai karantawa aka rasa. SPF jerin sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunan ƙungiyarku ne, kuma taka ba ta ciki. DKIM sa hannu ne da tsohuwar sabar ke yi wa kowane saƙo, sabuwar ba ta da shi. DMARC umarni ne ga mai karɓa a kan saƙon da ya faɗi waɗannan biyun, kuma da alama naku cewa ya yi a mayar. Kamfani bai ma ga saƙonku ba, a ƙofa aka tare shi a matsayin na jabu. Ku daina maimaita aikawa, hakan ƙara ɓata sunan adireshin yake. A buga wa kamfani waya yau a ce matsalar na'ura ce.

Gyara iri biyu ne. Mai tsawo shi ne a shiga wurin rajista, a ƙara sabuwar sabar cikin jerin SPF ɗin da ke nan, kada a buɗe na biyu, a saka makullin DKIM ɗinta, a jira kwana ɗaya ko biyu. Gajeren kuwa a mayar da kwamfutar ofis kan tsohuwar sabar, aikin minti goma. Ko wanne aka bi, a aika gwaji zuwa wani akwatin imel, a buɗe bayanan kan saƙon a ga ukun sun ci. Kalmar sirrin tsohuwar tana wurin Abdulganiyyu, ka kuwa san haka, shi ya sa ba ka ambace ta ba.

Takaba ba ta hana a yi wa mace magana a kan buƙata. Ka tura matarka ko ka je da ɗan'uwan Tani, ka faɗi gaskiyar dalili. Wannan ma dole ne, don a mayar da rajistar adireshin hannun mutum biyu na ƙungiya, kafin a rufe layin marigayi.

Na fahimci tsoronka na ganin aikin yayanka ya bar gidanku, kuma wanda ba shi da imani ba zai rubuto ba. Amma lissafinka bai fita ba. In saƙo ya tafi bayan an kori Abdulganiyyu, cewa za a yi ai ga shi nan, da ma shi ne. Gyaran ɓoye shi zai tabbatar masa da sunan maci amana har 'ya'yansa su gada.

Ka je gidansa kafin Juma'a ka gaya masa. Ranar Asabar ka riga kowa miƙewa, ka faɗa da bakinka a gaban waɗanda suka ga ka gyaɗa kai. Mai yiwuwa ka rasa kujerar, ba zan ɓoye maka ba, mai yiwuwa kuma ya ƙi yafe maka nan kusa. Ka je duk da haka. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya wanke bawan nan nasa, ya kawo wa manomanku kasuwa.

Hajiya A'isha