Abin da Ya Cinye Fadamar Guri

Angona Sule, ƙulin-ƙulifita: me ya cinye mana fadamarmu ta Guri, ba ambaliya ba, ba tsuntsu ba?

Kafin ka canka, ya jikinka, ya sanyin Jos, ya kawunka da iyalinsa? Mu a Haɗeja sai godiya.

An ce makarantu uku sun ɗauke ka karatun lauya, kana ta ruwan ido kamar mai zaɓen amarya, alhali ga ni, kakarka. Tun da na ji, marigayi kakanka yake tsaya mini a ido, yana goge hannu a riga yadda ya riƙa yi bayan shari'ar da muka rasa fadamar. Zaɓi wadda ta fi koyar da shari'ar gona, ko da ba zan ga dawowarka ba. Ka sa kakanka a addu'a, ka gaida kowa.

Ga amsar: babban yatsansa ne. Ya dangwala a takardar da bai iya karantawa ba.