Sunan da Yatsan Baba Ya Taɓa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon ƙugun, ya lafa? Mu nan lafiya lau. Ɗinkin cikina ya kama, jaririya kuwa tana shan nono kamar aiko ta aka yi. Na san maganar suna kike jira, to ki kwantar da hankalinki, ban yi abin kunyar da na ce miki zan yi ba.

Bari in ba ki labarin daga tushe, tunda kullum dariyarki ke hana ni ƙarasawa. A gidan surukaina in an yi haihuwa, Baba, mahaifin maigidana, shi ke ɗauko tsohon Littafinsa Mai Tsarki, ya yi addu'a, ya rufe ido, ya buɗe, ya ɗora yatsa. Sunan da ya fi kusa da yatsan shi ne na jariri. To ɗinkin Littafin ya saki daidai wurin zuriyar Isra'ilawa, inda wane ya haifi wane shafi bayan shafi, don haka kullum nan yake buɗewa. Shi ya sa duk gidan ba mai amsa sunansa na gaskiya, daga Dogo sai Injiniya sai Ƙarami. Maigidana kansa sai ya ja numfashi kafin ya faɗi nasa a asibiti.

Na 'yarmu ya faɗa kan Hazzelelfoni. Na yi ta tambaya, ba wanda ya san ma'anarsa, har Baban. Da farko tsawonsa kaɗai ya dame ni. Sai surukata, tana yi wa jaririya wanka, ta ba ni labarin ɗanta na fari da ya rasu yana rarrafe. Beri'a aka sa masa, bayan rasuwarsa ne wani ya ce musu ma'anarsa "cikin masifa". Yaya, daga ranar abinci ya daina shiga. Na ƙudurta cewa ba za a liƙa wa 'yata abin da ban sani ba, ko da kuwa a gaban jama'a ne zan ce a'a.

Kin san kuma wanda zan ce wa a'a. Mutumin da tun rasuwar mahaifinmu bai taɓa kirana da komai ba sai "'yata", wanda ya zauna kan bencin asibiti da sandarsa har aka fito da ni daga tiyata. Maigidana ya rasa inda zai sa kansa, gaba kura baya sayaki.

Matambayi ba ya ɓata. Na ce wa mutanen gida zan je a duba ɗinkin cikina, na wuce kwalejin tauhidi wajen malamin Ibrananci. Ofishinsa a bene yake, na hau ina dafe da ciki ina hutawa. Littattafai sun cinye kujerun duka, sai da ya kwashe wasu na samu wurin zama. Ya rubuta sunan da haruffansu daga dama zuwa hagu, ya rarraba shi gunduwa gunduwa yadda nake yanka yadi.

Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce sau ɗaya tak sunan ya zo, mace ce da aka ambata bayan 'yan'uwanta maza, ba a kuma faɗi komai a kanta ba. Masana ba su haɗu kan fassara guda ba, amma yawancinsu suna ganin inuwa da juyowa a ciki: "inuwa ta juyo gare ni", ko kuwa roƙo ne, "ka yi mini inuwa, ya mai dubana". Na tambaye shi ko akwai mugun abu a ɓoye, ya ce a iya karatunsa bai gani ba. Ina jin haka sai hawaye, malam ya rikice ya miƙo mini shayinsa da ya huce.

Na tambaye shi Beri'a ma. Ya ce bayan masifa ta wuce aka sa wa yaron da ke cikin Littafin sunan, shi ne ɗan da ya zo wa iyayensa bayan makoki. Da na faɗa wa surukata, ta shiga ɗaki ta daɗe, da ta fito ta ƙara mini nama a miya.

Ranar sa suna Baba ya karɓi jaririya a falo. Kin san haƙoransa sun zube, ko sunan maganinsa ba ya iya faɗa daidai. Ya ɗaga ta, ya faɗi Hazzelelfoni cikakke, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Daga baya surukata ta gaya mini tun ranar da yatsansa ya taɓa sunan yake keɓewa shi kaɗai, yana maimaita shi gaɓa gaɓa, wai kada ya kunyata jikarsa a gaban mutane. Har yau bai san na je ko'ina ba, kuma ba zai sani ba. Duk sanda na tuna abin da na shirya faɗa masa a falon nan, sai in gode wa Allah da ya riƙe bakina.

Mu Foni muke ce mata. Shi kaɗai ke kiran sunan duka, kuma shi take juyowa ta kalla.

Ki gaishe mini da maigidan da yara, ki kuma daina ɗaga kaya masu nauyi.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta