Muƙamuƙin Jakinka Yana Wurina

Zuwa ga Mushe Darakta na lakwal, makarantar bokon garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Isuhu, tsohon lebura mai lodin siminti a Malbaza, kakan Rakiya. Da furfurata na koyi boko a karatun manya na yamma, inda babu Faransanci, don haka da Hausa zan rubuto maka. Na liƙa irin wannan takarda a bakin kasuwa, domin farin cikina ya fi ƙarfin gida ɗaya.

Na farko. Bara, sati uku da buɗe lakwal, Rakiya mai shekara bakwai ta roƙi izinin shan ruwa da Hausa maimakon Faransanci. Ka rataya mata muƙamuƙin jaki a wuya, abin nan da kuke kira sambol, ka sa yaran aji suka yi mata kukan jaki. Dokarka ita ce wanda ke ɗauke da shi ya kasa kunne har ya kama wani yana Hausa, ya miƙa masa. Ita ta ƙi kama kowa. Kwana huɗu tana shan bulala. A na biyar ta taho da shi gida, ta rufe bakinta. Wata biyu ko uwarta ba ta ji muryarta ba. Kai kuwa ka soke sunanta, ka aiko cewa kanta ba ya ɗaukar karatu.

Na biyu. Na yanka takardun buhun siminti, na ɗinke su da basilla, muka yi littafi. Muka liƙa masa hotuna: jirgin ruwa na gwangwanin kifin Maroko, dabinon Aljeriya, da wani Basine, mutumin ƙasar Sin, wanda wani direban mota ya yago mani daga kalanda. Muka murza haruffa da yumɓu muka shanya. Duk wannan da nuni take yi. Ranar da ta lura Basinen nan da tsinke biyu yake cin abinci, ta yi dariya, ta karyo kara ta gwada da tuwo, sannan ta tambaye ni ko a ƙasarsu ma ana dukan yara in sun yi yarensu. Maganarta ta farko ke nan. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Na uku. Jiya ta karanta wa maƙwabciyarmu wasiƙar mijinta daga Sakkwato, tiryan-tiryan. Ɗanka na cikinka, mai shekara huɗu a lakwal, shi aka fara kai wa. Ya jujjuya ta ya mayar.

Ga buƙatuna. Littafinmu ba ya ba da takardar shaida, saboda haka ka mai da sunanta, ka gwada ta a gaban iyayen yara.

Sai kayanka. Ran kasuwar Badagishiri na ji ka kana cinikin albasa da Hausa tsantsa, har da rantsuwa, a gaban shaidu uku. Rakiya ta ƙi kama kowa. Ni na kama. Ga muƙamuƙin nan a ƙunshe, sunanka da ke kai ita ta rubuta. Na sake masa igiya, don wuyanka ya fi nata kauri.

Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka girma, ya nuna maka jikokinka suna magana.

Wassalam.

Isuhu, kakan Rakiya